Anti Larai Ba Ta Ce A Zo Ba

Ta hanyar abinci na san Anti Larai, kamar yadda yawancin ɗaliban Arewa da ke Kuala Lumpur suka san ta. Shekarar da na zo karatun digiri na uku a Bukit Jalil, wata biyu na yi ina fama da shinkafar Malay da taliyar shagunan mamak, na Indiyawa Musulmi, har na fara ramewa. Wata ƙawata ta ba ni lambar wata mata a unguwar Sentul, ta ce tana yin tuwon shinkafa da miyar kuka ranar Laraba da Asabar.

"Amma ki sanar da ita tun ana gobe," in ji ƙawar tawa. "Kuma kar ki je mata gida ba ki buga waya ba. Ba za ta buɗe miki ba."

Na ɗauka zuzutawa take yi, ashe gaskiya ce. Anti Larai tana zaune a hawa na sha ɗaya na wani dogon gini kusa da tashar jirgin ƙasa. Doguwa ce siririya, mai tabarau, ta ɗan haura hamsin. A bakin ƙofa take miƙo wa mutum abincinsa a robobi, ta amsa gaisuwa sau ɗaya, ta ce "tapau kawai nake yi," wato na tafiya da shi gida, ta mayar da ƙofa. A bayan idonta ɗalibai Baturiya suke ce mata. Wasu suna cewa girman kai ne, wasu suna cewa akwai abin da take ɓoyewa. Amma ba wanda ya daina zuwa, domin miyarta ba ta da na biyu a garin.

Sai da na yi wata shida ina karɓar tuwo a bakin ƙofa kafin wata rana ta dube ni ta ce, "Zuhra, Asabar mai zuwa ƙarfe huɗu, idan kina da sarari, ki zo mu sha shayi."

Na isa huɗu da kwata. Na ga ta kalli agogon bango. Daga ranar ban ƙara makara ba. A irin waɗannan Asabar ɗin na ji tarihinta, guntu-guntu, don ba mai zuba labari ba ce.

'Yar Haɗejia ce. Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Malam Abdulgani, malamin makaranta, wanda ya samu tafiya ƙaro karatu a Sheffield ta Ingila, ya tafi da ita. A can ta haifi 'yarta tilo, Kamila. Yarinyar na da shekara takwas ciwon zuciya ya ɗauke Malam Abdulgani. 'Yan uwa suka yi ta kira daga gida, kowa da tsarinsa: wane zai riƙe yarinya, ita Larai za ta koma ɗakin mahaifiyarta, abin da marigayi ya bari wane zai juya shi. Ba wanda ya tambaye ta me take so.

"Wata maƙwabciyata Baturiya ce ta fara yi min tambayar," in ji ta. "Ta kawo min furanni, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, ke me kike so ki yi? Zuhra, kwana uku na yi ina juya maganar. Tunda aka haife ni ba a taɓa tambayata haka ba."

Ta zauna. Ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, ta yi shekara sha uku tana yi musu wanka, tana ba su abinci a baki, tana juya waɗanda ba sa iya juyawa. Da farko kullum da kuka take komawa gida. Akwai wata tsohuwa, Misis Doreen, wadda ɗanta ke zaune tafiyar minti ashirin daga wurin, amma sai lokacin Kirsimeti da ranar zagayowar haihuwarta yake leƙowa. Wata rana Anti Larai na taje mata gashi, ta kasa haƙuri ta ce ɗan nan bai kyauta ba. Tsohuwar ta juyo ta riƙe mata hannu.

"Kar ki ƙara faɗin haka," in ji Misis Doreen. "Ban haife shi don ya yi jinyata ba. Yana da rayuwarsa. Ni na zaɓi in zo nan, da ƙafata."

Anti Larai ta ce ta daɗe tana ganin maganar a matsayin rufin asiri irin na uwa. Daga baya ta gane matar da gaske take, har alfahari take yi da cewa ba ta zame wa kowa kaya ba. Kuma a hankali ita ma abin ya shige ta. Ta ji daɗin samun makullin ɗakinta a jakarta. Ta ji daɗin garin da ba mai ƙirga mata shekarun zawarci, ba mai leƙa tukunyarta. Haka ta raini Kamila: a ƙwanƙwasa kafin a shiga, kar a roƙi kowa abin da mutum zai iya yi wa kansa, kar a yi kuka a gaban mutane, idan mutum ya ce a'a to a ƙyale shi.

Kamila ta tashi da ƙoƙari da natsuwa. Tana sallarta, tana azumi, ba ta taɓa ɗaga wa uwar murya ba. Da ta gama jami'a ta samu aiki a sashen magunguna na wani asibiti a Bristol, ta kama gidanta ita kaɗai. Wata Asabar Anti Larai ta yi dambun nama, ta hau jirgin ƙasa ta tafi ba ta sanar ba, don ta ba ta mamaki. Kamila ta buɗe ƙofa, ta rungume ta, ta dafa mata shayi. Bayan sa'a guda ta ce tana da alkawari da wasu abokan aiki tun sati biyu, ba za ta iya sokewa ba.

"Mama, na ji daɗin zuwanki," in ji ta, "amma ki riƙa faɗa min kafin ki taso, don in ware miki lokaci."

Da Anti Larai ta kawo nan a labarin sai na ce, "Kai, Anti."

"Ba ta yi laifi ba," ta ce. "Abin da na koya mata ta yi."

Amma a hanyar komawa Sheffield ranar, ta ce, ta yi ta hango kanta a kujerar Misis Doreen. Shekara ba ta zagayo ba ta ajiye aiki ta koma Haɗejia.

Wata bakwai ta iya yi. Mata su faɗo mata ɗaki ba sallama, su buɗe durowa suna duba atamfofi, yara su kwana a gadonta, kowa ya san abin da ta ci da wanda ya kira ta a waya. Ranar da ta sa kafinta ya yi wa ƙofarta sakata, gidan gaba ɗaya ya ɗauki fushi da ita. Yayyenta suka ce Turai ta lalata ta. Ita kuma ta rasa bakin da za ta yi musu bayani da shi, domin tana son su, kawai dai so take a bar ta ta yi shiru na sa'a biyu a rana.

Ƙaninta Maikano ne ya fitar da ita. Ɗan kasuwa ne a Chow Kit, nan Kuala Lumpur, yana tura mayafai da yadi Kano, ya auri 'yar Malay. Shi ya yi mata takardun zama, ya nema mata gidan Sentul. Ta ce garin ya yi mata daidai: tana jin kiran salla daga tagarta, kuma maƙwabta ba sa shiga sha'aninta. Ranar Talata da Juma'a takan hau jirgi zuwa kasuwar Chow Kit ta sayo nama da kuɓewa da barkono. Kuka da daddawa matafiya ke kawo mata. Duk Lahadi ƙarfe biyar na yamma Kamila za ta kira, su yi minti talatin, yawanci da Turanci, don Hausar Kamila ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Sau biyu ta zo Kuala Lumpur cikin shekara bakwai, kuma duk a otal ta sauka, wai kar ta takura wa uwar.

A shekarata ta uku, wajen watan Agusta, Anti Larai ta fara soke girkin Laraba. Idanunta suka yi ruwan ɗorawa. Ita kaɗai ta kai kanta asibiti, ita kaɗai ta karɓo sakamako, ta yi sati biyu ba ta gaya wa kowa ba. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Likita ya ce ana iya gwada magani mai ƙarfi don a ja lokaci, ko a nan ko a Ingila tunda tana da fasfo ɗin can, ko kuma a bar ta da maganin rage zafi.

Ina gidan ranar Lahadin da ta gaya wa Kamila. Ta sa wayar a kan tebur, murya a buɗe, tana tsince shinkafa. Ta faɗi sunan ciwon, amma ba ta faɗi nisan da ya yi ba. Kamila ta jero tambayoyi irin na ma'aikatan asibiti. Daga ƙarshe ta ce, "Mama, jikinki ne, ke za ki yanke shawara. Duk abin da kika zaɓa ina tare da ke. Kina so in zo?"

"Ki yi abin da ya fi miki sauƙi," in ji Anti Larai. "Ina da masu dubana."

"To zan ɗauki hutuna a Disamba in zo mu daɗe."

"Allah ya kai mu."

Da ta kashe wayar ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da mahaifiyata na kwance, ba wanda ya tambaye ta ko tana so a zo."

"To Anti, ki ce mata ta zo mana."

"Idan na ce ta zo, za ta zo. Ba wannan nake so ba."

Maikano ya yi faɗa har ya gaji. "Yaya, 'yarki ce fa, ba maƙwabciya ba. In ba za ki kira ta ba ni zan kira." Ta ce masa in ya kira, ba ita ba shi. Ni ma ta sa na yi mata alkawari. Lambar Kamila na cikin wayata tun ranar da Anti ta rubuta sunana tare da nata a takardar asibiti. Sati biyar na yi ina buɗe lambar ina rufewa.

Ta zaɓi maganin rage zafi, ta zauna a gida. Matan ɗalibai muka raba kwanaki a tsakaninmu. Da farko ta ƙi, har sai da ta faɗi a banɗaki wata rana da hantsi, ta yi sa'a uku a ƙasa kafin matar Maikano ta zo ta same ta. Daga nan ta sallama. Amma duk wadda ta ɗaga ta ko ta wanke mata kwano sai ta ce, "Ki yi haƙuri na ɓata miki lokaci." Har waɗanda suke ce mata Baturiya suna cikin masu jinyar, kuma ba su daina tsegumin ba, sai dai yanzu a kicin ɗinta suke yi, ƙasa-ƙasa. Wata rana ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce min ta yi wa tsofaffi sama da ɗari irin wannan, ta san daidai inda ake dannawa, amma ba ta san haka yake da daɗi ba.

Tsakiyar Oktoba aka kwantar da ita. Ranar Talata likita ya kira ni da Maikano gefe, ya ce kwanaki ne suka rage, ba makonni ba. Na fita baranda wajen ƙarfe uku na rana na buga wa Kamila. Safiya ce a can, tana shirin fita aiki. Na gaya mata ko ni wace ce, na gaya mata abin da likita ya ce.

"Shekaranjiya na yi magana da ita," in ji ta. "Cewa ta yi tana samun sauƙi. Me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

Ta ce za ta nemi jirgi, ta kashe.

Da na koma ɗaki na gaya wa Anti abin da na yi. Ta rufe ido ta ce, "Wa ya aike ki?" Ta juya fuskarta bango, ba ta ƙara yi min magana ba ranar. Washegari da na zo da kunu, tun kafin in zauna ta ce, "Ƙarfe nawa jirgin zai sauka?"

"Gobe Alhamis, bayan magariba."

Ta sa na canza mata kallabi. Ta ce in je Sentul in share ƙaramin ɗaki, in shimfiɗa sabon zanin gado da ke saman durowa, in sayi madarar ruwa in sa a firij don Kamila ba ta shan ta gari. "Kar a bar ta ta sauka a otal," ta ce. Sau uku ta maimaita.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe tara na safe ta cika, matar Maikano na riƙe da hannunta, ni ina karanta mata Yasin. Kamila na sama a lokacin, ba hanyar samunta. Na roƙi Maikano a jinkirta zuwa safiyar Juma'a. Ya ce ba zai bar yayarsa ta kwana a firij ɗin asibiti ba saboda wadda ba ta zo ba tana da rai. Matan masallacin unguwar suka taya mu wanka, aka yi mata salla, aka binne ta bayan la'asar.

Ni na tarbi Kamila a filin jirgi. Ban sha wahalar gane ta ba, tsayin uwar ne da tafiyarta. Tana ganin fuskata ta tsaya. Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na gode da kika zo ɗaukata," ta ja akwatinta da kanta har mota.

Washegari gidan Sentul ya cika maƙil, abin da bai taɓa yi ba a rayuwar mai shi. Takalma har bakin lif. Ɗalibai, 'yan kasuwar Chow Kit, maƙwabta Malay da kulolin abinci, har wani dattijo ɗan Indiya mai sayar mata da nama. Kamila ta zauna a cikin mata ba ta san me ake cewa ba. Ta matso ta tambaye ni me za ta riƙa amsawa, na koya mata "amin, na gode." Haka ta yi ta faɗa har azahar, sannan ta shige ƙaramin ɗaki. Da na bi ta na same ta zaune a bakin gado tana shafa zanin.

"Sabo ne," ta ce.

"Ita ta ce a shimfiɗa miki."

"Ta san ina hanya?"

"Ta sani. Har ƙarfe nawa za ki sauka ta tambaya."

A nan ne ta yi kukan, hannu toshe da baki kar a ji a falo. Da ta lafa ta ce, "Sau huɗu na tambaye ta ko in zo. Sau huɗu. Duk Lahadi ina jiran ta ce eh. Na taɓa buɗe shafin sayen tikiti, sai na ce idan na faɗo mata ba ta nema ba, kamar na ce ban yarda da maganarta ba ne, ko na raina hankalinta. Ba ta son a yanke mata shawara. Kin san ta."

"A wajenmu ba a tambaya," na ce. "Zuwa kawai ake yi."

"Ba wanda ya taɓa gaya min haka."

Na gaya mata cewa lambarta ta yi sati biyar a wayata. Na so ta yi fushi da ni. Sai ta ce, "Kin mutunta abin da ta ce miki ne. Ba ki yi laifi ba." Da gaske take, don ta lallashe ni ta faɗa. Har yau maganar ba ta sanyaya min rai ba.

Kwana tara ta yi. Maikano ya kai ta maƙabarta ranar Asabar, ya tsaya nesa, bai ce mata uffan ba a hanya. Ta kwashe kayan uwar da kanta, ta raba tukwane da muciya ga matan ɗalibai, ta ɗauki tabarau da carbi da wani tsohon hoton Malam Abdulgani. Ranar tafiya na yi zaton tasi za ta kira, sai ga Maikano ya zo da motarsa. Ya ɗauki akwatin daga hannunta duk da ta ce za ta iya. A filin jirgi ya ce mata, da Turancinsa na kasuwa, shi ƙanin mahaifiyarta ne, ba ta da wanda ya fi shi yanzu, kar ta sake ta yi wata guda bai ji ta ba.

Wasu iyali 'yan Bangladesh ne a gidan Sentul yanzu. Wata matar ɗalibi a Bukit Jalil ta gaji girkin Laraba da Asabar. Kamila tana rubuta wa Maikano saƙo farkon kowane wata, layi uku ko huɗu. Shi kuma ba ya rubutu, sai ya aika mata murya da Hausa, minti shida, minti bakwai, yana ba ta labarin kasuwa da ciwon gwiwarsa da wanda ya haihu a Haɗejia. Ba ta gane rabin abin da yake faɗa, sai ta turo min in fassara mata. Ina yi, idan na tashi daga ɗakin karatu.